Ina Aka Gina Ta? Abin da Yumɓu Ke Iya Faɗa Game da Tsoffin Tukwane

A shekarar 1887 aka tono wasu alluna na yumɓu a kufan Tell el-Amarna da ke tsakiyar Masar, inda Fir'auna Akhenaten ya taɓa kafa babban birninsa. Waɗanda aka tattara zuwa yau sun kai 382, galibinsu wasiƙu ne da sarakunan ƙetare da hakimai suka aiko wa fadar Masar a ƙarni na 14 kafin Miladiyya. A cikinsu akwai 'yan ƙalilan daga sarkin wata ƙasa mai suna Alashiya. Ba ƙaramin sarki ba ne, don kuwa ɗan'uwa yake kiran Fir'auna, yana kuma aiko masa da jan ƙarfe jibgi guda. Sai dai bai faɗi inda ƙasarsa take ba. Ina dalili, tunda wanda yake rubuta wa ya sani? Masana suka yi shekaru aru-aru suna ja-in-ja a kai: wasu su ce tsibirin Kubrus ne, wasu su ce gaɓar Siriya, wasu su ce kudancin ƙasar da yau ake kira Turkiyya.

Da rubutun ya kasa raba gardama, sai aka koma kan abin da aka yi rubutun a jikinsa. Magatakarda ba ya zuwa uwa duniya neman yumɓun da zai yi allon wasiƙa, na kusa da shi yake ɗiba. A 1976 Michal Artzy da Isadore Perlman da Frank Asaro suka auna sinadaran wasu daga cikin allunan, suka gwama su da tukwanen Enkomi, tsohon birnin gabashin Kubrus da mutane da yawa suka ɗauka shi ne fadar Alashiya. Ba su yi daidai ba. Bayan kusan shekara talatin, Yuval Goren na Jami'ar Tel Aviv da abokan aikinsa, Israel Finkelstein da Nadav Na'aman, suka sa ɓarɓashin allunan a ƙarƙashin madubin bincike, suka ga irin ƙasa da duwatsun da ake samu a gefen kudu na tsaunukan Troodos, a Kubrus ɗin dai, kusa da inda ake haƙar jan ƙarfe. Suka ambaci kufai biyu, Alassa da Kalavasos, a matsayin wuraren da suka fi dacewa.

A lura da yadda amsoshin biyu suka bambanta. Ta farko gajeruwa ce: ba nan ba ne. Ta biyu ta nuna yanki, ta kawo sunaye biyu, ta bar ƙofa a buɗe. A ganina duk wanda zai karanta sakamakon irin wannan bincike ya kamata ya riƙe wannan bambanci. Awo yana da ƙarfi ainun wajen kore wuri, amma yana da rauni wajen tabbatar da shi, kuma yawancin rigingimun da aka yi a wannan fanni daga mance haka suka taso.

Tushen aikin ba shi da wuyar fahimta. Yumɓu dutse ne da ruwa da rana da tsawon zamani suka dagargaza, don haka yana ɗauke da gādon dutsen da ya haife shi. Mafi yawan jikinsa silika ce da alumina, waɗannan kuwa ko'ina akwai su, ba su bambance komai. Bambancin yana cikin sinadaran da ba su taka kara sun karya ba, waɗanda ake lissafa su da kashi kaza cikin miliyan: kuromiyam, nikel, sikandiyam, toriyam, rubidiyam, siziyam, lantanam da 'yan'uwansu. Yumɓun da ya fito daga baƙaƙen duwatsu masu nauyi yakan cika da kuromiyam da nikel. Wanda ya fito daga giranit, irin dutsen Kufena na Zariya, yakan fi yawan fotasiyam da rubidiyam da toriyam. In an auna irin waɗannan guda ashirin ko talatin a tsingaro ɗaya, sai a sami jerin lambobi da ba kasafai yake maimaita kansa a wani kwari ba. A 1977 Phil Weigand da Garman Harbottle da Edward Sayre suka rubuta sharaɗin da komai ya rataya a kansa: sai in bambancin da ke tsakanin mahaƙa biyu ya fi bambancin da ke cikin mahaƙa guda, sannan awo zai yi amfani. Sharaɗi ne, ba doka ba, kuma akwai wuraren da ba ya cika. Babban kogi yakan kwaso laka daga duwatsu iri-iri, ya cakuɗa ta, ya shimfiɗa abu kusan iri ɗaya na tsawon ɗaruruwan kilomita. Lakar Nilu misali ce: da wuya awo ya raba garuruwan da ke gaɓarta.

Hanyar da ta yi suna a wannan fage daga masana nukiliya ta fito. J. Robert Oppenheimer, wanda duniya ta fi saninsa da bam, shi ne a tsakiyar shekarun 1950 ya ba Richard Dodson na ɗakin bincike na Brookhaven shawarar a gwada tsingaron Bahar Rum da niyutiron. Sayre da Dodson suka buga sakamakon farko a 1957. Yadda ake yi shi ne, a kankare bayan tsingaro, a niƙa ɗan abin da bai kai rabin giram ba, a sa shi cikin murhun nukiliya na bincike. Niyutiron ya daki ƙwayoyin zarra, su koma masu fitar da hasken gama, kowane sinadari da irin nasa, sai na'ura ta ƙirga. A 1969 Perlman da Asaro, a Berkeley, suka daidaita hanyar har ta kai a iya gwama awon bana da na shekara goma da suka wuce. Daga 1988 murhun Jami'ar Missouri ya zama cibiyar aikin, kuma can aka tara awon dubun-dubatar tsingaro, har da na ɗakunan binciken da suka daina. Akwai wasu hanyoyin: a haska garin da hasken X a karanta abin da ya mayar, ko a narkar da shi a ruwan asid a tura cikin na'urar da ke tantance zarra da nauyinta. Duk manufarsu ɗaya.

Amma kafin duk wannan akwai wata hanya da ta riga su, wadda har gobe ba a tsere mata ba. A yanko ɗan siririn yanki daga tsingaro, a manna a gilashi, a goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske ya riƙa ratsa shi. A ƙarƙashin madubin masana duwatsu, kowane ƙwayar yashi da tsakuwa sai ta bayyana kanta. Anna Shepard ce ta nuna abin da wannan ke iya yi. Alfred Kidder, wanda ya tono Pecos a jihar New Mexico ta Amurka, ya tafi a kan cewa kowane gari shi yake gina tukwanensa. Shepard ta duba, a aikin da aka buga a 1936, ta ga tukwane da yawa na Pecos an kwaɓa su da garin duwatsun da babu irinsu a kewayen garin. Ashe ciniki ake yi, ba kaɗan ba. Kidder ya amince duk da cewa ra'ayinsa ne ya rushe, abin da ba kowane babba ke iyawa ba.

To, an sami jerin lambobi, sai kuma me? Lambobin ba su zo da sunan gari ba. Dole a sami abin da aka san asalinsa tabbas, a gwama. Mafi kyau shi ne tarkacen wurin gashi: tukwanen da suka fashe a wuta, ko suka lanƙwashe, ko suka manne da juna, waɗanda ba mai ɗaukarsu zuwa kasuwa. Inda aka same su, nan aka yi su.

Labarin Ateius ya nuna amfanin haka. A zamanin Augustus, sarkin Rum, garin Arezzo na Italiya ya shahara da jajayen akusa masu sheƙi, kuma masu masana'antun sukan buga hatiminsu a jiki. Hatimin Ateius ya bazu har sansanonin sojan Rum a bakin kogin Rhine, aka daɗe ana lissafa kayan a matsayin na Arezzo. Da aka tono wuraren gashi a Lyon ta Faransa, Maurice Picon da abokan aikinsa suka auna tarkacen, suka kuma haɗa kai da su Asaro da Perlman, sai ta tabbata a 1975 cewa Ateius yana da reshe a Lyon. An kuma gano wani a Pisa. Har ma aka sami zubin da ake buga ado da shi a Lyon wanda yumɓunsa na Arezzo ne, wato da kayan aikinsu mutanen suka taso. Hatimi ɗaya, garuruwa uku. Ido ba zai taɓa raba su ba, kuma da an tsaya kan hatimi da an zana taswirar cinikin Rum a karkace.

Inda babu irin wannan abin gwamawa kuwa, nan ake tuntuɓe. A Thebes ta Girka an sami manyan tuluna na mai, na wajen ƙarni na 13 kafin Miladiyya, da rubutu a kafaɗarsu. A 1965 Hector Catling da Anne Millett na Oxford suka auna sinadarai tara a jikinsu, suka ce da yawansu daga gabashin tsibirin Kirit suka zo. Masana rubutun ba su gamsu ba, domin sunayen garuruwan da ke jikin tulunan yamma suke nunawa. A 1977 Catling da Richard Jones suka sake awo da ƙarin samfura, sai alƙaluma suka koma yamma, wajen Chania. Na'urar ba ta yi ƙarya ba da farko. An tambaye ta ne wanne ya fi kama da tulunan a cikin wuraren da ake da samfurinsu, ta nuna mafi kusa. Wurin da ba a kawo samfurinsa ba, babu yadda za a yi ya fito a amsa. Wannan tarko yana nan har yau, komai tsadar na'ura.

Akwai kuma maginiya, wadda take tsakanin rami da tukunya, kuma ita ce masu awo suka fi saurin mancewa da ita. Ba a gina tukunya da yumɓu yadda aka haƙo shi. Wata ta jiƙa shi ta tace, tsakuwa ta kwanta ta zubar. Wata ta ƙara yashi, ko ƙaiƙayi, ko kashin jaki, ko garin tsohon tsingaro, don kada ta tsage a wuta. Wata ta haɗa yumɓu biyu daga ramuka biyu, mai danƙo da marar danƙo. Kowane mataki yana motsa lambobin. Yashi kusan silika ce zalla, in ya yi yawa sai ya tsarma sauran sinadaran gaba ɗaya. Garin kwanson kifi ko na farar ƙasa ya ɗaga kalsiyam. Garin tsingaro kuwa, in na baƙuwar tukunya ne, ya shigo da ƙasar wani gari cikin kwaɓin. Na'urar miya take ɗanɗana, ba ta ga kasuwar da aka yi cefane ba. Saboda haka gari ɗaya yana iya ba da rukuni biyu a awo, ɗaya na tukunyar girki ɗaya na randa, mai gaggawa kuma ya ce garuruwa biyu ne.

Abin da ya ceci fannin shi ne nauyin yumɓu. Dean Arnold ya tattara rahotanni kan magina na gargajiya daga sassan duniya, ya buga a 1985: kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa wuce kilomita 1 wajen ɗebo yumɓu, kashi 84 cikin ɗari kuma ba sa wuce kilomita 7. Don haka in an gano ramin, galibi an gano unguwar. Galibi na ce. David Peacock ya nuna a 1969 cewa wasu tukwanen manoman farko na kudu maso yammacin Ingila da yumɓun Lizard, can ƙuryar Cornwall, aka yi su, kuma an same su har Windmill Hill, fiye da kilomita 250 daga can. Tukwanen aka kai, ko yumɓun? Daga baya an ga tukwanen wani zamani na gaba da aka haɗa wannan yumɓu da duwatsun wasu wuraren, alamar cewa ɗanyen yumɓun ma yakan yi tafiya. Olivier Gosselain na Jami'ar Brussels, wanda ya zauna da magina a kudancin Kamaru da Nijar, ya ƙara wani abu: zaɓen rami ba lissafin nisa kaɗai ba ne. Akwai wanda ya mallaki filin, akwai abin da aka gada wajen uwa ko uwar miji, akwai al'adar da ta hana wani wuri. Maƙwabta biyu suna iya ɗiba a rami guda su kwaɓa daban.

Ƙasar da ta binne tsingaron ma tana taɓa shi. Shekara dubu biyu cikin danshi kan fitar da fotasiyam da rubidiyam, ta shigar da sodiyam ko bariyam ko fosfaras. Masu aikin sun san haka, sukan ajiye waɗannan gefe su dogara da sinadaran da ba sa motsi.

Rigimar da ta fi zafi a wannan ƙarni a kan tukwanen Meziko aka yi ta. San Lorenzo, a jihar Veracruz, shi ne babban garin mutanen Olmec tsakanin wajen 1200 da 900 kafin Miladiyya, masu sassaƙa manya-manyan kawuna na dutse. Ana samun tukwane masu irin adonsu a wurare masu nisa: kwarin Oaxaca, kwarin Meziko, gaɓar Chiapas. Tun da daɗewa masana sun rabu biyu. Wasu na cewa Olmec uwa ce, ita ta shayar da sauran. Wasu na cewa 'yan'uwa ne, kowa ya ba kowa. A 2005 Jeffrey Blomster da Hector Neff da Michael Glascock suka buga awon tsingaro 725 a mujallar Science. Suka ce San Lorenzo ta fitar da tukwane zuwa ko'ina, ba su kuma ga ko ɗaya da ya shigo mata daga sauran ba. A shekarar nan dai James Stoltman, tare da Joyce Marcus da Kent Flannery da wasu, suka mayar da martani da hanyar madubi: sun duba 'yan tsingaro kaɗan, sun ce sun ga duwatsun Oaxaca a tukwanen da aka tono a San Lorenzo, wato cinikin kai-da-kawowa ne. Ɓangare ɗaya ya ce niƙa tsingaro gaba ɗaya yana haɗe yumɓu da abin da aka ƙara masa, ya ɓoye asali. Ɗaya ɓangaren ya ce samfurin abokan gardama ya yi kaɗan, kuma duwatsun da suka jingina wa Oaxaca akwai irinsu a wasu wuraren. Aka yi ta musayar raddi a 2006, kalamai har suka fara wuce na malamai.

Ni dai abin da na gani shi ne, hujjar cewa tukwanen San Lorenzo sun yi nisa tana da ƙarfi, kuma yawan samfurin ba abin rainawa ba ne. Amma daga nan zuwa kiran ta uwa akwai tazara mai yawa wadda ba sinadari ne zai cike ta ba. Garin da ke sayar maka da akushi ba lallai shi ya koya maka sarauta ko addini ba. Sannan rashin ganin baƙuwar tukunya cikin waɗanda aka zaɓa aka auna bai zama rashinta a garin ba, tunda mutum ne ya yi zaɓen. Abin takaici kuma, hanyoyin biyu da aka mayar abokan gaba ba abu ɗaya suke dubawa ba: ɗaya tana karanta kwaɓin dukkansa, ɗaya tana karanta tsakuwar da ke ciki. Aikin da ya fi inganci a yau shi ne wanda ya yi duka biyun a kan tsingaro guda.

Wani lokaci amsar "a nan aka yi ta" ita ce ta fi ba da mamaki. A Ashdod, a gaɓar gabashin Bahar Rum, an sami tukwane na ƙarni na 12 kafin Miladiyya da suka yi kama da na Girka ƙwarai. Awon da Asaro da Perlman da Moshe Dothan suka buga a 1971 ya nuna yumɓun na gida ne. Ba tukwanen suka tsallako teku ba, hannun da ya iya gina su ne ya tsallako.

Yanzu murhunan bincike suna raguwa a duniya, ga kuma wata ƙaramar na'urar hasken X ta hannu, mai siffar bindiga, wadda ake ɗora wa tukunya a gidan tarihi ba tare da an fasa komai ba. Tana da amfani wajen rarraba tarin tsingaro kafin a zaɓi na kaiwa ɗakin bincike. Sai dai fatar tukunya kawai take karantawa, inda aka shafa jar ƙasa, inda toka da gishirin ƙasa suka zauna, kuma sinadaran da take gani ba su da yawa. Sauƙinta ya sa an cika mujallu da taswirorin ɗigo-ɗigo da ba kowanne ke da ma'ana ba.

Maganar ba ta tsaya a ƙetare ba. Mutum-mutumin Nok, da aka fara sani daga mahaƙar kuza ta kudancin Kaduna, Bernard Fagg kuma ya bayyana su ga duniya tun shekarun 1940, sun shiga wannan awo. Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka yi shekaru suna tono kufan Nok tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya. Christina Beck, ɗaya daga cikinsu, ta auna yumɓun mutum-mutumin da na tukwanen yau da kullum da hasken X. Tukwanen sun bambanta daga kufai zuwa kufai, kamar yadda ake zato in kowa a bayan gidansa yake ɗiba. Mutum-mutumin kuwa yumɓunsu ya fi kama da juna duk da nisan wuraren da aka same su. Wannan yana iya nufin wuraren sassaƙa 'yan kaɗan ne suke rarraba wa yankin, ko wani rami na musamman ne kowa ke zuwa, ko kuwa gwanayen ne ke yawo da kwaɓinsu. Awo ya kawo mu bakin waɗannan ukun, bai zaɓa mana ba. An yi irin wannan aiki a ƙasar Igbomina ta jihar Kwara, inda Aribidesi Usman da masanan Missouri suka buga sakamakonsu a 2005.

Kayan aikin ma akwai su a gida. Tun 2004 Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya take da ƙaramin murhun nukiliya, kuma awon sinadarai da niyutiron yana cikin manyan ayyukan da aka kafa shi dominsu. Abin da ya fi murhu wuyar samu shi ne abin gwamawa: yumɓun ramuka da aka san wurinsu, da tukwanen da aka san wadda ta gina su da abin da ta zuba a kwaɓinta. Turai sai ta tono wuraren gashi na shekara dubu biyu kafin ta sami wannan. A nan magina suna raye, ana iya bin su har bakin rami a tambaye su, kodayake roba da alminiyam suna rage su kowace shekara.

Sai kuma ɓarnar masu tonon sata. Don a ce tukunya ta yi tafiya, wuri biyu ake bukata: inda aka yi ta da inda aka same ta. Awo na farkon kawai yake nema, na biyun kuwa sai wanda ya tono ya rubuta. Dubban kayan Nok an fitar da su ba tare da an rubuta komai ba, abin da ya sa majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Irin waɗannan ko an auna su da na'urar da ta fi kowace, ba za a san ko kilomita 5 suka yi daga inda aka gasa su ba ko 200.